Shahada: Ma'anarta da Yadda Za Mu Yi Amfani da Ita

Karatu: Ayyukan Manzanni 7:54-60

Yau za mu duba wata kalma mai nauyi da muke ji a majami'a da wurin jana'iza, wato shahada.

Da fari, yaya ake furta ta? Ana jan gaɓar tsakiya: sha-haa-da. Wanda ya yi shahada shi ne shahidi, ana cewa sha-hii-di. In suna da yawa, shahidai ne. Mukan ce wane ya yi shahada, ko ya yi mutuwar shahada.

Kalmar daga Larabci ta shigo Hausa, kuma tushenta ɗaya da shaida. Shi ya sa maƙwabtanmu Musulmi suke kiran furcin imaninsu Kalmar Shahada. Haka abin yake a Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Kalmar martus tana nufin mai ba da shaida, kamar a gaban alƙali. Daga nan Turawa suka samo martyrdom, wadda suke furtawa maa-ta-dam.

To, yaya shaida ta koma mutuwa? A Ayyukan Manzanni 1:8 Yesu ya ce almajiransa za su zama shaidunsa har iyakar duniya. Da tsanani ya taso, da yawa suka gwammace a kashe su da su yi musunsa, har sunan ya manne wa waɗanda suka hatimce shaidarsu da jini. Aka jejjefi Istifanas. Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Wajen shekara ta 155 aka kashe tsoho Polikab, bishop na Simirna, don ya ƙi zagin Kristi.

A Afirka ma an yi. A Uganda, daga 1885 zuwa 1887, Sarki Mwanga ya sa aka kashe Kirista 45, 'yan Anglikan 23 da 'yan Katolika 22. An ƙone da yawansu a Namugongo ran 3 ga Yuni, 1886. A Fabrairu 1977 kuma aka kashe Babban Bishop Janani Luwum a zamanin mulkin Idi Amin.

Ɗan'uwana, ka lura da abu uku. Na ɗaya, shahidi ba ya neman mutuwa. Yesu ya umarci almajirai, in an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani (Matiyu 10:23). Jefa kai cikin haɗari don a yaba maka, wannan shahadar ƙuda ce. Na biyu, shahidi ba ya kisa. Wanda ya faɗi garin ramuwar gayya, kada mu ba shi wannan suna. Na uku, shahidi yana gafartawa. Istifanas ya durƙusa yana roƙa wa masu jifansa gafara, Shawulu kuwa yana tsaye yana gadin tufafinsu. Wannan Shawulu shi ne ya zama Manzo Bulus.

Waɗansunmu sun binne 'yan'uwa da aka kashe saboda sunan Kristi, zuciya kuma tana tafasa. Allah ya ga hawayenku. Amma idan muka kira su shahidai, sa'an nan muka ɗauki makami domin ramuwa, mun rushe shaidar da suka bayar. Ba kowa aka kira ga mutuwar shahada ba, amma dukanmu an kira mu mu zama shaidu, a gida, a gona, a kasuwa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ta'azantar da gwauraye da marayu. Ka ba mu ƙarfin tsayawa da zuciyar gafara, cikin sunan Yesu. Amin.