Takardun ISO a kan teburin jami'i a Minna: wacce ake iya ba da shaida a kanta, wacce ba a iyawa

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin tantance 'yan kwangila a wani ofishin gwamnatin tarayya da ke Minna ya san yadda ambulan ɗin ke zuwa maƙare da takardu. Bayan rajistar kamfani da shaidar biyan haraji, yanzu ba a rasa wata takarda mai hatimi, ɗauke da haruffan ISO da wasu lambobi. Da yawa daga cikinmu kan duba hatimin, mu ba da maki, mu buɗe ambulan na gaba. Amma ba kowace lambar ISO ce ake iya ba hukuma ko kamfani shaida a kanta ba, kuma jami'in da ya sa hannu shi zai amsa tambaya ranar da masu binciken kuɗi suka iso.

ISO ƙungiya ce ta duniya mai tsara ƙa'idojin inganci, wadda aka kafa a 1947, hedikwatarta tana Janiba ta ƙasar Siwizalan. Hukumar SON, da aka kafa a 1971, ita ke wakiltar Najeriya a cikinta. ISO rubuta ƙa'ida kawai take yi, ba ta binciken kowa, ba ta ba kowa takardar shaida. Hasali ma ba ta yarda kamfanin da ya samu shaida ya manna tambarinta ba. Masu ba da shaidar wasu hukumomi ne daban, su ma akan tantance cancantarsu bisa ISO/IEC 17021-1. A gida Najeriya, NiNAS ke aikin wannan tantancewa.

Ƙa'idojin tsarin gudanarwa kashi biyu ne. Na farko sharuɗɗa ne na dole, kuma a rubutun Turancin ana gane su da kalmar "shall". Na biyu shawarwari ne, kalmarsu "should". Mai bincike zai iya tambayar inda hujjar cika sharaɗi take, ya rubuta cewa an cika ko ba a cika ba. Shawara kuwa ba ta da ma'aunin ci ko faɗuwa, don haka babu abin da za a ba da shaida a kai.

A kashin farko akwai ISO 9001 ta kula da inganci, wadda ta fara fitowa a 1987, da ISO 14001 ta muhalli, da ISO 45001 ta lafiya da kariyar ma'aikata da ta zo a 2018, da ISO 22000 ta tsaftar abinci, da ISO 37001 ta toshe hanyoyin cin hanci da ta fito a 2016. Idan aka dubi Minna, ba wuya a ga inda wasu suka dace. Hukuma irin NECO, mai riƙe da bayanai da sakamakon ɗalibai daga ko'ina a ƙasar nan, abin da ya shafi aikinta shi ne ISO/IEC 27001 ta tsaron bayanai. Makaranta irin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna kuma, ISO 21001 aka tsara wa cibiyoyin ilimi irinta.

A ɗaya ɓangaren ne ake yawan ruɗa mutane. ISO 26000 ta 2010, mai magana a kan haƙƙin al'umma da ke wuyan hukumomi da kamfanoni, ta faɗa da kanta cewa ba don ba da shaida aka rubuta ta ba. Haka ISO 31000 ta kula da haɗurra. ISO 9000 bayanin tushe da ma'anar kalmomi ce, ISO 9004 jagora ce ga mai son auna kansa, ISO 19011 kuma tana koya yadda ake gudanar da binciken ne. Ba wai ba su da amfani ba. Sashen binciken cikin gida zai ƙaru matuƙa da ISO 31000. Ma'aikaci ma zai iya halartar kwas a kanta, ya dawo da satifiket mai sunansa. Sai dai wannan shaidar horar da mutum ɗaya ce. Idan mai ba da shawara ya kawo takardar neman kuɗi da alkawarin samo wa hukuma shaidar ISO 31000, a ganina bai kamata fayil ɗin ya wuce teburin farko ba.

Ko takardar da lambarta ta inganta tana buƙatar a karanta ta da kyau. Shekara 3 take aiki, tare da binciken bibiya duk shekara, kuma ana iya dakatar da ita ko a janye ta kafin wa'adin. A jikinta ana rubuta aikin da wurin da aka bincika. Kamfanin da aka ba shaida kan ofishinsa na Legas bai samu shaida kan aikin gini a Bosso ko Chanchaga ba, sai in an ambata. Sannan ISO 9001 tsarin aiki take dubawa, ba ta ce kayan da aka kawo masu kyau ne ba. Shaidar kayan da aka sarrafa a cikin gida tana ƙarƙashin shirin MANCAP na SON. Ɗakunan gwaje-gwaje ma hanyarsu daban ce, ana tantance ƙwarewarsu bisa ISO/IEC 17025.

Jami'in da ke shakkar wata lamba ba sai ya sayi kundin ba. Shafin ISO na intanet yana nuna take da iyakar kowace ƙa'ida kyauta, kuma sau da yawa taken kaɗai kan nuna ko sharuɗɗa ne ko jagora. Abin da ya rage shi ne rubuta wa hukumar da sunanta ke jikin takardar, a tambaye ta ko lambar shaidar tana cikin rajistarta har yanzu, a ajiye amsar a cikin fayil.