Inji ya samu turbo, silo ya ɓaci: ina za a fara dubawa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da garejin kanikawa ya san wannan ƙarar: mota na tsaye, ba wanda ya taka totur, amma inji yana hawa yana sauka kamar mai haki. Kanikawa sukan ce silo ya ɓaci. Silo shi ne juyawar inji sa'ad da mota ke tsaye a kunne, kuma a yawancin ƙananan motoci masu shan fetur yakan kama juyi 700 zuwa 800 a minti ɗaya. Wannan makon za mu duba abin da ke ɓata shi a injin da aka ɗora wa turbo da kuɗi kaɗan.

Turbo dai fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta biyun tana cusa iska cikin inji. Iska mai yawa tana ƙona fetur mai yawa, ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar wannan dabara a 1905, kuma a 1962 aka fara sayar da ƙananan motoci masu turbo a Amurka.

A Amurka da Turai matasa sun daɗe suna sayen tsohuwar Honda Civic ta 1992 zuwa 1995, mai inji D16 lita 1.6, su ɗora mata turbo na kwance. Mun zaɓe ta ne domin Civic ba baƙuwa ba ce a titunanmu, kuma kurakuran da ake yi a kanta sanannu ne.

Ga abin da ya kamata ku fara riƙewa: a silo, turbo kusan ba ya aikin komai. Hayaƙin ya yi kaɗan, bai isa ya sa shi matsa iska ba. Saboda haka idan silo ya ɓaci bayan an ɗora turbo, da wuya laifin ya zama na turbo ɗin kansa. Laifin yana cikin abubuwan da aka kwance, aka sauya, aka mayar.

Na farko shi ne iskar sata. Inji na son kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na fetur. A silo ƙofar totur a rufe take, sai wani ɗan bawul da ƙwaƙwalwar mota ke sarrafawa ya riƙa barin iska kaɗan tana wucewa ta gefe. Bayan ƙofar kuwa fistan suna ta zuƙa, don haka duk wata kafa, ko tiyo da ya tsage ko gaskit da bai zauna ba, za ta shigo da iskar da ba a gayyata ba. Mai ɗora turbo yakan ƙara ƙananan tiyo da yawa a daidai wannan wuri, kowanne kuma sabuwar ƙofar ɓarna ce.

Abin da ke faruwa a Civic yana da ban sha'awa. Ƙwaƙwalwarta tana auna matsin iska ne a bayan totur. Da iskar sata ta shigo, sai ta ga matsi ya ƙaru, ta ƙara fetur, inji ya hau. Da ya hau da yawa alhali totur na rufe, sai ta ɗauka direba ya ɗaga ƙafa yana rage gudu, ta yanke fetur. Inji ya faɗo, ta mayar da fetur, ya sake hawa. Hakin da kuka ji ke nan. Ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau, bayanin ƙarya ake ba ta.

Wasu motocin kuma suna auna iskar ne tun daga bakin shigarta, kusa da matatar iska. A nan ne wani abu da samari ke so yake jawo matsala: bawul ɗin da ke sakin iska waje da ƙarar “fishhh” idan an ɗaga ƙafa daga totur. Iskar da ya zubar an riga an ƙidaya ta, an kuma tanadar mata fetur. Fetur ya shiga, iska babu, inji ya shaƙe ya mutu a daidai danja. Maganin shi ne a mayar da iskar cikin bututu gaban turbo. Ƙarar za ta ragu, kuma a ganinmu wannan ba asara ba ce.

Yaya ake gano kafar? Hanya mafi tsabta ita ce a kashe inji, a toshe bakin bututu, a hura hayaƙi ko iska mara ƙarfi ciki, sannan a shafa ruwan sabulu a kan mahaɗai. Inda kumfa ya taso, nan ne. Za ku ga wasu suna fesa fetur a kan injin da ke aiki don su ji ko ƙararsa za ta sauya. Kada ku kwaikwayi wannan. Jikin turbo yana yin zafin da zai iya tayar da gobara nan take.

Na biyu shi ne injekta, wato masu fesa fetur. Na asalin D16 suna fesa kusan sisi 240 a minti. Masu ɗora turbo sukan sa na sisi 450 da aka ciro daga Mitsubishi Eclipse. Ku yi lissafin da kanku: 450 a raba da 240 ya kusa biyu. Idan ba a sake saita ƙwaƙwalwa ba, za ta buɗe su tsawon lokacin da ta saba, inji ya sha kusan ninki biyu na abin da yake bukata. Alamun a fili suke: baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Nan ne masu tsimin kuɗi suka fi yin kuskure, domin sun kashe komai a kan ƙarfe sun bar saiti.

Akwai ƙananan abubuwa da sukan ruɗa mutum. Ana rage tazarar bakin fulogi daga milimita 1.1 zuwa wajen 0.7 ko 0.8 don kada matsin iska ya hana wuta tsallakawa, amma idan an matse fiye da kima silo zai riƙa tuntuɓe. Bututun hayaƙi mai araha yakan tsage; idan tsagar tana gaban sensar da ke shinshinar hayaƙi, iska za ta shiga, sensa ta ce fetur ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara ba gaira ba dalili. Har ruwan lagireto yana da hannu: idan an zubar da shi wajen aiki aka mayar da kumfar iska a ciki, sensar zafi za ta riƙa ba da labari mai rikitarwa, silo ya yi ta lilo. A fitar da kumfar, amma kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.

Gogaggen bakanike yana sauya abu ɗaya ne, ya kunna, ya saurara, kafin ya taɓa na gaba, kamar yadda malamin kimiyya ke sa ku yi a ɗakin gwaji. Yakan fara da abin da ba ya cin kuɗi: tiyo, kilif, fulogi, ruwa. Idan kuka samu damar zuwa gareji a hutun nan, ku roƙi maigida ya bar ku ku kalli allurar juyin inji sa'ad da yake zare ƙaramin tiyo ɗaya daga bayan totur. A yi gwajin a fili inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙin mota a rufaffen ɗaki yana kisa.