Gado Daban, Riƙon Juna Daban

Malamai da akawuna waɗanda su ka fara koyon rubuta manhajar kwamfuta su kan haɗu da wata mahaɗar hanya, kuma mun lura da yawansu su na ɗaukar hanyar da ba ita ba.

A shekara ta 1967 wasu masana biyu na ƙasar Norwe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su ka fito da harshen kwamfuta mai suna Simula 67. A cikinsa a ka fara kasa abubuwa jinsi-jinsi, ƙaramin jinsi ya gaji halayen babba. In za a shirya rajistar makaranta, sai a kafa jinsin Mutum, mai suna da shekarun haihuwa. Malami da Ɗalibi su gaje shi, kowa ya ƙara nasa. Wannan shi ne gado, kuma daga sama ya ke gangarowa. Ɗa ba ya haifar ubansa, saboda haka inji ba zai karɓi jinsi biyu masu gadon juna ba.

To, amma ɗalibi ya na bukatar sanin ajinsa, aji kuma ya na riƙe da sunayen ɗalibansa. Nan ne mai gaggawa ya kan sa Ɗalibi ya gaji Aji, don ya sami lambar ɗaki a sauƙaƙe. Kuskure ne babba. Ɗalibi ba irin aji ba ne, zama ya ke yi a cikinsa. Ran da a ka ciyar da yaro gaba, sai a tarar an ɗaure shi da ajin bara, gyara kuwa sai an warware rabin aikin. Abin da ya dace shi ne kowannensu ya riƙe adireshin ɗayan, watau riƙon juna.

Shi ma fa ya na da nasa haɗari, akawu zai gane shi nan da nan. A ce dokar ofis ita ce ba a ƙona fayil muddin wani fayil ya ambace shi. Fayil biyu masu ambaton juna za su zauna a kabad har abada, ko da ba mai nemansu. Haka ta ke faruwa a harsunan da ke ƙirga masu riƙe da abu kafin su share shi: ƙirgen ba ya kai sifiri, ma'ajiyar inji ta yi ta cika har aiki ya tsaya. Harshen Python bai sami mai share irin wannan zobe ba sai shekara ta 2000. A harshen Swift kuwa, mai rubutu ne da kansa zai raunana gefe ɗaya, aji ya riƙe ɗalibi da ƙarfi, ɗalibi ya riƙe aji riƙon da ba a ƙirgawa.

A ganinmu wannan 'yar wahala ta fi gadon ƙarya sauƙi nesa ba kusa ba, gama layi guda ya isa ya gyara ta.