Harajin Ƙasashen Sahel da Tsadar Kasuwar Minna: Ina Gaskiya, Ina Ƙari?

Tun ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanya haraji kan kayan da ke shiga ƙasashensu daga waje, harajin ya zama abin ɗora wa laifi a bakin masu saye da sayarwa, daga Kasuwar Kure har Kasuwar Gwari. Wake ya tashi, a ce harajin Nijar ne. Rago ya gagari mai layya, a ce harajin Nijar ne. Wasu ma cewa suke yanzu ba mai shiga Maraɗi sai da biza. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari har asalinta ya ɓace.

Harajin dai akwai shi. Ƙasashen uku sun kafa ƙawancensu na AES a watan Satumban 2023, ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, bayan wata biyu kuma suka amince da karɓar kashi 0.5 cikin ɗari na darajar kayan da aka shigo da su daga ƙasashen da ba na ƙawancen ba, ban da kayan agaji. Kuɗin na tafiyar da harkokin ƙawancen ne. Ba su suka ƙirƙiro dabarar ba, domin ita kanta ECOWAS da irin wannan kaso take ciyar da ofisoshinta, daga kayan da ke shigowa daga wajen yankinta. Abin da ya canja shi ne Nijeriya, wadda a da 'yar gida ce a wurinsu, yanzu ta koma sahun baƙi.

To, mu yi lissafi. Kayan naira miliyan ɗaya, harajinsu naira 5,000 ne. Kayan dubu ɗari, naira 500. Duk direban da ya taɓa ɗaukar kaya zuwa bakin iyaka ya san shingayen hanya kaɗai sun fi haka ci. Sannan ga abin da masu jita-jitar suke tsallakewa: a bakin shiga Nijar ake karɓar wannan kuɗi, ba a bakin fitowa ba. Wanda zai ji shi shi ne ɗan kasuwar da ya loda doyar Paiko ko kayan roba ya nufi Birnin Ƙonni, da mai sayen kayan a can. Buhun da ya taso daga Nijar ya sauka Minna, harajin AES bai taɓa shi ba ko kaɗan.

Ke nan tsadar da mutane suka gani mafarki ce? A'a, sun gan ta da idonsu, sai dai sun kama wanda ba shi ya yi ɓarnar ba. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta hana fitar da shinkafa da sauran hatsi, irin su gero da dawa, zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. A watan Mayun 2025, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, ta kuma hana fitar da dabbobi don raguna su yi sauƙi a cikin gida. Wannan shi ne ya taɓa kara, domin kasuwannin dabbobi na Arewa sun daɗe suna dogaro da garkunan da ke gangarowa daga Nijar, kuma in kara ta yi ƙaranci a Illela ko Maigatari, sai dillalin Mariga da na Tungan Malam sun ji a jikinsu. Hana fitarwa doka ce ta Nijar ita kaɗai, ba harajin ƙawance ba ce. A ganina haɗa su biyun ba ƙaramin kuskure ba ne: wanda ya ɗauka haraji ne zai zauna jiran a cire shi, alhali ko an cire gobe ragon ba zai sauko ba. Ga kuma faɗuwar naira da tsadar mai tun 2023, waɗanda namu ne na gida.

Batun biza kuwa ƙarya ce. A watan Disambar 2024 ƙasashen AES sun sanar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga da zama a cikinsu ba tare da biza ba, ita ma ECOWAS ta faɗi haka game da nasu mutanen ranar da suka fice. Rufe iyakar da mutane ke tunawa na bayan juyin mulkin Yulin 2023 ne, lokacin da har wutar da ake tura wa Yamai aka yanke, kuma an buɗe iyakar tun watan Maris na 2024.

Akwai wata jita-jitar da ta fi kusa da mu, tunda iyakar Jihar Neja da ƙasar waje tana Borgu ne, wajen Babanna, kuma da Benin take, wadda har yau tana cikin ECOWAS. Ana cewa tunda ƙungiya ɗaya muke, shinkafar waje da ta biyo ta can halas ce. Ba haka dokar take ba. Sassaucin fito na ECOWAS ya shafi abin da aka noma ko aka sarrafa a cikin yankin ne kawai. Shinkafar Tailan ko Indiya ba ta zama 'yar Benin don ta kwana a tashar jirgin ruwan Kwatano, kuma tun 2016 kwastam ta haramta shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa. Wanda aka tare da ita a hanyar New Bussa, fasa-ƙwauri za a rubuta masa, a kwashe buhunan, wani lokaci har da motar.