Baka Mai Rabuwa Biyu: Abin Da Za A Duba Kafin A Saya

Kwari da baka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun yi farauta da shi, sun tsare garuruwansu da shi, har yau ma akwai maharban da ba su da wani makami sai shi. Amma a ƙasashe da yawa harbin baka ya zama wasan motsa jiki na dukan iyali, uba da uwa da yara. An komar da shi cikin wasannin Olamfik a Munich a 1972, bayan an daina tun 1920. Yanzu kuwa bakunan da ake ƙerawa a Amurka da Turai da Asiya suna samuwa ga duk mai so.

A wannan wata za mu yi magana a kan iri ɗaya daga cikinsu, watau baka mai tanƙwararrun kunnuwa wanda ake raba shi gida biyu a sa a jaka. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Wanda ya zaɓa da garaje yakan yi hasarar kuɗi, wani lokaci ma ya ji wa kafaɗarsa ciwo. Saboda haka bari mu bi maganar daki daki.

Wane irin baka ne wannan?

Bakan maharbinmu itace ɗaya ne, an tanƙwara shi an ɗaura masa tsirkiya. Wannan kuwa kunnuwansa biyu, na sama da na ƙasa, sun sāke lanƙwasawa gaba, nesa da mai harbi, har tsirkiya takan kwanta a kansu. Sa'ad da aka ja, kunnuwan nan sukan warware, in an saki su koma da sauri. Ta haka gajeren baka yake tara ƙarfi mai yawa. Dabarar tsohuwa ce, gama mahayan Mongoliya da Turkawa sun yi irinsa da ƙaho da jijiya da itace ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Na zamani kuwa da siraran katako ake yinsa, a manne su da gam tsakanin falle biyu na zaren gilashi.

Harbin gargajiya da ake yi a Amurka yana da tarihi mai ban tausayi. A 1911 wani mutum da aka sa wa suna Ishi, wanda shi kaɗai ya rage daga kabilar Yahi, ya fito daga jeji a Kalifoniya. Likitan da ya lura da shi, Saxton Pope, ya koyi yin baka da kibiya a wurinsa. Ishi ya rasu a 1916, Pope kuwa ya buga littafi a kan farauta da baka a 1923, mutane da yawa suka bi sawunsa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Fred Bear na jihar Mishigan, wanda wajen 1970 ya fito da baka mai rabuwa uku da ake haɗawa ba tare da sifana ba. A 1969 kuma aka ba Holless Wilbur Allen takardar mallakar baka mai gargare, wanda ke rage wa mutum nauyin ja. Waɗanda suka ƙi gargare da madubin saiti, suka tsaya a kan itace da tsirkiya da ido, su ne ake kira masu harbin gargajiya.

Rabuwa biyu ko rabuwa uku?

Baka mai rabuwa uku yana da mariƙi a tsakiya, da reshen sama, da reshen ƙasa, galibi ana ɗaure su da noti. Amfaninsa shi ne, in mutum ya ƙara ƙarfi sai ya sayi sababbin rassa ya ɗaura a tsohon mariƙinsa. In reshe ɗaya ya karye ma, ba a yi hasarar bakan duka ba.

Mai rabuwa biyu kuwa a tsakiyar mariƙi yake rabuwa. In an haɗa shi, da wuya a gane ba itace ɗaya ba ne. Ba shi da nauyi a hannu, siriri ne, ana kuma haɗa shi nan da nan. Baka mai tsawon inci 60, watau santimita 152, in an raba shi kowane rabi bai fi inci 31 ko 32 ba, sai ya shiga akwatin tafiya. Wannan ma ba sabon abu ba ne, gama a Ingila a ƙarni na 19 an yi dogayen bakuna masu rabuwa a mariƙi don su shiga keken doki.

Amma ga abin da ya kamata kowa ya sani tun da wuri: ba a sāke wa mai rabuwa biyu rassa. Ƙarfin da aka saye shi da shi, da shi zai tsufa. Galibi kuma ƙananan masu sana'a ne suke yinsa da hannu, saboda haka ya fi tsada. Don haka shawararmu ga mai koyo ita ce, ya fara da mai rabuwa uku mai araha. Sa'ad da ya san ƙarfinsa da tsawon jansa, sa'an nan ya nemi mai rabuwa biyu. Haka kuma ga yaron da yake cikin girma, gama bakan da ya yi masa daidai bana, baɗi ya yi masa kaɗan.

Mahaɗi shi ne ran bakan

Duk ƙarfin da ake ja, ta mariƙi yake bi, nan ne kuwa aka yanka bakan. Saboda haka mahaɗin nan ne abu na farko da za a duba. Akwai iri uku da aka fi sani.

Na farko shi ne mai kube. Rabi ɗaya yana da harshe, ɗayan yana da rami, ana zura wannan cikin wancan kamar wuƙa cikin kubenta. Kuben yakan zama na ƙarfe, ko tagulla, ko zaren gilashi. Ba ya bukatar sifana, gama jan tsirkiya ne yake riƙe shi. Na biyu shi ne mai kusar ƙarfe a ɓoye cikin mariƙi, a zura a murɗa kaɗan ya kulle. Na uku shi ne mai hinji kamar na ƙofa.

Ko wane iri ne, ga gwajin. A haɗa bakan ba tare da tsirkiya ba, a kama rabi biyun a gwada murɗawa da girgizawa. Kada a ji motsi, kada a ji ƙara. Sa'an nan a ɗaura tsirkiya a ja a hankali ana kasa kunne. Mahaɗin da ke ƙara ko yake buɗe baki a lokacin ja, a bar wa mai shi kayansa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, a nan kuwa ba karin magana kaɗai ba ne, gama bakan da ya rabu a cikin ja, fuskar mai harbi yake nufa.

Tsawon ja da nauyin ja

A jikin kowane baka za a ga an rubuta lambobi biyu, misali 45 da 28. Ma'anarsu ita ce, in an ja tsirkiya inci 28, nauyin da yatsu za su riƙe laba 45 ne, watau wajen kilo 20. Amma ba kowa ne yake jan inci 28 ba. Don sanin naka, miƙe hannuwanka biyu kamar mai auna gaba, a auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa, a raba da biyu da rabi. Wanda aka samu inci 70, jansa wajen inci 28 ne. Kowane inci ɗaya da mutum ya ƙara ko ya rage yakan sāke nauyin da wajen laba 2. Ashe dogon mutum mai jan inci 30, bakan nan na laba 45 ya kusa laba 50 a hannunsa.

A nan ne maza da yawa suke faɗawa tarko. Mutum ya saba da noma da ɗaukar buhu, sai ya ga laba 50 ba kome ba ne. Amma naman jikin da yake jan baka yana baya ne, tsakanin allunan kafaɗa, ba a kuwa cika mora shi a sauran ayyuka ba. Ja ɗaya ba wuya. Ja na hamsin shi ne magana. Baka mai nauyi yakan sa mutum rawar hannu, ya saki kibiya kafin ya daidaita, ya koyi mugun hali da zai yi wuyar bari, ƙarshe kafaɗa ta kama ciwo.

Masu koyarwa sukan ce babban namiji ya fara da laba 25 zuwa 30, mace 20 zuwa 25, saurayi ko budurwa 15 zuwa 20. Gwajin mai sauƙi ne: a ja tsirkiya har yatsa ya taɓa gefen baki, a riƙe a ƙirga goma. In hannu ya yi rawa, ko sai an ɗaga bakan sama kafin a iya ja, ya yi nauyi. Don farauta kuwa, jihohi da yawa a Amurka sun sa doka cewa kada baka ya kāsa laba 30, ko 35, ko 40, domin kada a ji wa dabba rauni a bar ta tana shan wahala. Wannan hikima ce da kowane maharbi na kirki zai yarda da ita. Amma ana isa can a hankali ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsawon baka, da hannu, da ido

Gajeren baka yana da daɗin ɗauka, amma yakan matse yatsu a wurin tsirkiya, yakan kuma yi tauri farat ɗaya a ƙarshen ja. Mai jan inci 28 ko ƙasa da haka, baka na inci 58 ko 60 ya ishe shi. Mai jan inci 29 ko 30 ya nemi na 62 ko 64.

Akwai kuma bakan dama da bakan hagu, gama an fafe wa kibiya wurin kwanciya a gefe ɗaya na mariƙi. Bakan dama da hannun hagu ake riƙe shi, a ja da dama. Kafin a zaɓa, a san idon da ya fi ƙarfi. Nuna wani abu daga nesa da yatsa, idanu biyu a buɗe, sa'an nan ka rufe ɗaya ɗaya. Idon da yatsan ya tsaya a kan abin, shi ne mai ƙarfi, ya fi kyau a ja tsirkiya ta wannan gefe. Iyaye su yi wa yara wannan gwaji kafin su kashe kuɗi.

A riƙe mariƙin kuma a ji. Saboda mahaɗin da ke ciki, wani ya fi kauri, ba a kuwa iya fere shi yadda aka ga dama.

Tsirkiya da kibiya

Tsirkiya iri biyu ce. Akwai ta zaren Dacron, mai ɗan miƙewa, wadda ta dace da kowane baka. Akwai ta sabon zare marar miƙewa, mai sauri, amma takan tsage kunnuwan bakan da ba a ƙarfafa su dominta ba. In mai sayarwa bai tabbatar ba, a tsaya ga Dacron. Tazarar da ke tsakanin tsirkiya da mariƙi, a baka na inci 60, takan zama wajen inci 7 zuwa 8, mai ƙera bakan kuwa yakan faɗi daidai nasa.

Kada a ɗana wa irin wannan baka kibiyar kyauro ta gida. Ba ta da nauyi, tana kuma iya tsagewa ta shiga hannu. Bakan laba 40 yana son kibiya mai nauyin wajen giram 21 zuwa 26, ta kuma fi jan mutum tsawo da inci ɗaya ko biyu. Faufau kada a ja tsirkiya a saki ba kibiya, gama ƙarfin da ya rasa wurin zuwa, cikin bakan zai koma ya fasa shi.

In na hannu ne

Wanda zai sayi tsohon baka ya shafa auduga a jikin rassan. Inda audugar ta maƙale, akwai tsaga. Ya duba gefe ko fallayen sun fara rabuwa. Ya ɗaura tsirkiya ya hango bakan daga kunne zuwa kunne, ya ga ko tsirkiyar ta bi tsakiya sosai. In ta kauce, reshen ya murɗe. Araha ba ta ado.

Kiyaye shi, kiyaye gida

Zafi shi ne babban abokin gāban wannan baka, gama yakan sassauta gam. Mu da muke da bazara sai mu ƙara lura. Kada a bar shi cikin motar da ke rana, ko kusa da kwanon rufi. In an gama harbi a kwance tsirkiya, a goge ƙurar hunturu daga mahaɗi, a shafa masa ɗan kakin zuma, a ajiye a inuwa. Wajen ɗaura tsirkiya a yi amfani da igiyar da aka yi domin wannan aiki, kada a taka bakan da ƙafa, gama haka ne rassa suke murɗewa.

Daga ƙarshe, iyaye, baka makami ne ko da don wasa aka saye shi. Kibiya takan wuce yadi ɗari cikin sauƙi. A yi harbi inda akwai tudu ko bango a bayan abin bārata, ba mutum, ba dabba. Kada a harba kibiya sama, kada kuma kowa ya tafi ɗebo kibau sai kowa ya ajiye bakansa. Yaro ba ya harbi sai da babba a tsaye. Ga kuma wata fa'ida ta baka mai rabuwa biyu: in an gama, sai a raba shi, a kulle rabi biyun da kibau a akwati, mabuɗin kuwa ya zauna a hannun maigida ko uwargida.