Rikicin rabon kifin Titus da ya gagari ƙasashen Turai

Kifin Titus da mata ke soyawa a bakin titi a Kano, Kaduna ko Abuja ba daga Kogin Neja ko Tafkin Chadi yake fitowa ba. A arewa maso gabashin Tekun Atlantika ake kama shi, a daskarar da shi, a yi masa kwali, sannan jirgin ruwa ya sauke shi a Legas. Najeriya na cikin manyan kasuwanninsa. A can inda ake kama shi kuwa, an fi shekara 15 ana taƙaddama kan kason da kowace ƙasa za ta ɗiba.

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta bai wa kowace ƙasa iko da albarkatun ruwan da ke cikin mil 200 daga gaɓarta. Matsalar ita ce wannan kifi ba ya zama wuri guda. Yana zuba ƙwai a yammacin Ireland da Birtaniya, idan yanayi ya yi ɗumi kuma sai ya nausa arewa neman abinci.

Tun wajen shekarar 2007 garkensa ya fara shiga ruwan Iceland da yawan gaske. Iceland da tsibiran Faroe suka ce tunda kifin a ruwansu yake kiwo yana ƙiba, dole kasonsu ya ƙaru. Norway da Tarayyar Turai suka ce su ne suka gaji kamun tun asali. A 2014 an ƙulla yarjejeniya tsakanin Tarayyar Turai, Norway da Faroe ba tare da Iceland ba. Ta ƙare a ƙarshen 2020, daidai lokacin da Birtaniya ta fice daga tsarin kamun kifi na Tarayyar, ta zo tana neman nata kason daban.

Abin da ke faruwa duk shekara yana da ban mamaki. Majalisar masana teku ta ICES, mai hedikwata a Copenhagen, takan ba da shawarar adadin da za a iya kamawa ba tare da an cutar da irin kifin ba. Sau da yawa ƙasashen kan amince da jimillar. Sai dai da an zo rabo, kowacce ta koma gida ta yanka wa kanta abin da take ganin haƙƙinta ne. Idan aka tara, sai ya zarce abin da masanan suka ce. Ga kuma jiragen Rasha da ke kamu a tsakiyar teku, inda babu ƙasar da ke da iko ita kaɗai.

An jima ana ganin alamun. A 2019 hukumar MSC, wadda ke ba da shaidar kamun kifi mai ɗorewa, ta dakatar da shaidar da ta bai wa wannan kifi. A ƙarshen Satumbar 2025 kuma ICES ta ba da shawarar a rage kamun 2026 da kusan kashi 70 cikin 100, saboda manyan kifin da ke haihuwa sun ragu matuƙa.

Waɗannan fa ƙasashe ne masu jiragen sintiri da cibiyoyin bincike, babu wadda za ta ce ba ta san halin da ake ciki ba. Tarayyar Turai, wadda ke cikin wannan ja-in-ja, ita ce ta bai wa Ghana katin gargaɗi a 2021, ta kuma haramta sayen kifin Kamaru a 2023, bisa zargin sakaci wajen hana kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba.

Yarjejeniyar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya kan tallafin kamun kifi, wadda aka cimma a 2022 ƙarƙashin shugabancin Ngozi Okonjo-Iweala, ta fara aiki a Satumbar 2025. Ta hana gwamnatoci tallafa wa masu kamun sata da masu kamun kifin da ya riga ya yi ƙaranci. Amma ba ta ce komai kan yadda za a raba kifin da ke ratsa iyakoki ba.

Ga mai sayar da kifin ƙanƙara a Najeriya, da dala ake sayo kwalin, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta riga ta ɗaga farashi. Idan kamu ya ragu, ƴan kasuwar Legas za su yi gogayya da na Japan da Koriya ta Kudu a kan ɗan abin da ya rage.