Raɗin Suna a Daren da Ba Ya Wayewa

Malaman falaki sun daɗe da tabbatar da cewa, da yake duniya a karkace take kewaya rana, karkata ta kimanin digiri 23 da rabi, duk ƙasar da ta haye layin digiri 66 da rabi ta arewa ba makawa ta sami wani zamani da rana ba ta faɗuwa, da wani kuma da ba ta hudowa. A birnin Tromso na ƙasar Norwe, wanda ke kimanin kilomita 350 bayan wannan layi, rana takan ɓuya tun ƙarshen Nuwamba, ba a sake ganin ƙwayarta bisa duwatsu sai wajen 21 ga Janairu. Daga nan ne Roald Amundsen, wanda ya riga kowa isa ƙuryar kudancin duniya a 1911, ya tashi a jirgin sama a Yunin 1928 don ceton ayarin wani mai suna Nobile, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

A tsakiyar wannan dogon dare Allah ya sauki 'yata lafiya a Tromso, muka je barka ni da uwargida, wadda tun ba ta ajiye jakarta ba ta jefo mas'alar da ta fi ƙarfin guzurina: "Malam, ta ƙaƙa za a ƙirga kwana bakwai a inda gari ba ya wayewa?" Abin da ake samu kawai shi ne wani haske shuɗi-shuɗi daga hantsi zuwa azahar, sa'an nan duhu ya koma. Fukaha'u dai sun yi ƙiyasi da hadisin Dujal, inda aka umarci a ƙaddara lokutan salla a yinin da ya kai tsawon shekara. Wasunsu suka ce a bi garin da ya fi kusa mai dare da rana, wasu kuwa a bi Makka. Mu dai agogo muka bi.

Daren jajibirin suna surukina ya fitar da ni bakin teku, sanyi na cizon kunnuwa, sai ga wani koren haske ya keto daga arewa yana naɗewa yana warwarewa kamar rawanin da iska ta kwance, gefensa ja-ja, babu tsawa babu ƙara. Ahmad ɗan Fadlan, manzon Halifa Muƙtadir, ya ga makamancinsa a ƙasar Bulgar a shekara ta 922, ya siffanta shi da jan gajimare mai surar mahaya suna gwabzawa, sarkin ƙasar kuwa ya ce masa aljannu ne, muminai da kafirai. Sai a farkon ƙarni na 20 Kristian Birkeland ya nuna cewa ƙwayoyi ne masu lantarki daga rana, maganaɗisun duniya yake janyo su ƙuryoyinta biyu, su yi karo da iskar sama su haska. Hujja tana wurin Birkeland, amma a ganina wanda ya tsaya ƙarƙashin abin ba zai yi gaggawar yi wa ɗan Fadlan dariya ba.

Kashegari aka raɗa suna a hasken lantarki, baƙinmu yawanci Somaliyawa da Larabawa, dabino a madadin goro. Ragon kuwa a Katsina aka yanka shi, kawun jaririyar ya bugo waya yana ƙorafin tsadarsa.